Robar Umma da Matar da Ba Ta Amsa Gaisuwa

Tun da muka dawo daga Masar ban huta da tambaya ba. Duk wadda ta zo yi wa Umma barka da dawowa sai ta ja ni gefe: "Zulai, yaya ƙasar take? Kin ga dalar Fir'auna?" Na ba da labarin har bakina ya gaji, kowa kuma guntu take samu, shi ya sa na ce bari in zauna in rubuta shi gaba ɗaya. Tun yanzu in faɗa muku, ban ga dala ba ko daga nesa. Ba yawon buɗe ido ya kai ni ba.

Ga wanda bai sani ba, Umma mahaifiyata ce, shekara biyu ke nan ana yi mata wankin ƙoda. Jininta yana fita ya shiga inji ya dawo ta wata roba da aka dasa mata a ƙasan wuya, mai baki biyu, ɗaya ja ɗaya shuɗi, an rufe gindinta da filasta. Robar nan har kusa da zuciya take kaiwa. Sau biyu ƙwayoyin cuta suna bin ta su shiga jini. A karo na biyu Umma ta yi rawar sanyi har gadon asibiti yana motsi, ta daina gane ni, tana kirana da sunan ƙanwarta da ta rasu tun ina goye. Kowane karo sai an cire robar an nemi wata jijiyar. Da aka sa ta uku, likitanmu ya kira ni ya ce, "Malama Zulai, jijiyoyin wuyan sun kusa ƙarewa. Wannan in ta kamu, ba ni da inda zan sa wata sai cinya, ita kuwa ta cinya ta fi saurin kamuwa." Mafita ita ce a haɗa mata jijiya a hannu a riƙa wankin ta nan, amma jijiyoyinta sirara ne, an gwada a gida bai yi ba. Shi ya ba mu takarda zuwa wani asibiti a garin Mansura. Ya kuma gargaɗe ni cewa ko an yi haɗin, sai ya yi wata biyu ko fiye kafin ya yi ƙwari. Kafin nan ran Umma yana rataye da robar nan ta uku.

Ranar tafiya da safe na yi mata abin da na saba yi kullum. Na ɗaga gefen filastar a hankali, na karanta abin da ya sawwaƙa, na tofa a gindin robar sau uku, na tsoma yatsa a gorar Zamzam ɗinmu na shafa, na mayar da filastar na danne. Ma'aikatan jinyarmu sun sha gaya mini kada ruwa ya taɓa wurin, ni kuma na kiyaye, ko wanka zan yi mata sai na yi kaffa-kaffa. Amma a wurina Zamzam ba ya cikin lissafin ruwa, tofi kuwa ai magani ne. Ko sau ɗaya bai zo mini a rai in ambata musu ba.

A filin jirgin Kano mai binciken mata ta shafa ƙirjin Umma ta ji tudu, ta ce sai ta gani. Umma ta dube ta daga kan keken marasa lafiya ta ce, "Yarinya, in bam ne ai da ni zai fara." Na nuna takardar likita, ta ba mu haƙuri har da raka mu. A Alƙahira ne aka yi ta. Jami'in kwastan ya buɗe akwatin Umma ya zaro wani ƙulli da ban san da shi ba, ashe ta ɓoye daddawa da yaji a cikin zannuwa, ita da aka hana gishiri. Bawan Allah ya kwance ƙullin yajin ya kai hanci. Atishawar da ya yi ta jera sai da abokan aikinsa suka taru suna dariya, shi ma yana dariya yana share hawaye. Daddawar kuwa ko taɓa ta bai yi ba, da bayan biro ya turo mana ita ya ce mu wuce. Ni da nake jin tsoron wulaƙanci, sai na ga mutane masu sauƙin kai, abin dariya ba ya wuce su.

A waje Hajiya Mariya tana jiranmu. 'Yar Damagaram ce, ta fi shekara ashirin a Masar tare da mijinta, ita take saukar da marasa lafiya daga ƙasashenmu tana yi musu tafinta. Ta ɗauko mana mota zuwa Mansura. Umma dai jikar Larabawan Gadamus ce, kakanta da raƙuma ya shigo Kano, don haka tun daga gida take cewa ita wurin dangi za ta. Tana shiga mota ta zuba wa direba gaisuwa da Larabcin littafi. Ya juyo gaba ɗaya, ya saki sitiyari, ya ce Masha Allahu, Hajiya tana magana kamar mai huɗuba. Na yi salati na ce ya dubi hanya. In kuna ganin masu adaidaita sahun Kano sun iya kutse, to ku je ku ga malamansu. Oda a can ba faɗa ba ce, da ita suke gaisawa, da ita suke ba da haƙuri, ina jin da ita suke tambayar lafiyar iyali. Hanya kuwa gonaki ne kore shar da magudanan ruwa hagu da dama, ban kalla sosai ba, idona yana kan ƙirjin Umma kada bel ɗin mota ya goge robar.

Masaukinmu a hawa na huɗu yake, da wani lif, na'urar hawa bene, ɗan mitsitsi mai ƙofar ƙarfe wanda Umma ta ce akurkin kaji ne. Abin da ya fi burge ni a unguwar shi ne kwando. Kowace mace tana da kwando ɗaure da igiya a baranda. Mai gurasa ko mai tumatir yana wucewa sai ta ƙwala masa kira ta sauke kwandon, ya zuba mata, ta janye abinta, ba hijabi ba neman wanda za a aika. Ranar da na fara gwadawa igiyar ta kuɓuce mini, kwando ya faɗa kan rumfar mai shayi, sai ga shi da kansa ya hawo da shi har da kofin shayi kyauta. Gurasa a can ita ce tuwo, safe da rana. Umma ta gutsura ta tauna ta ce ba laifi, amma wanda ya tashi a Jakara ba za a yi masa burga da gurasa ba. Akwai wani abincinsu na shinkafa da taliya da ƙananan wake da soyayyar albasa a kwano ɗaya, na ce wa Hajiya Mariya wannan ai garau-garau ne da ya je makaranta. Ni na ci na ƙoshi, Umma kuwa sai ɗan abin da likita ya yarda, tana hararar kwanona.

Washegarin isowarmu muka je wanki na farko, a nan na haɗu da Sista Samiya. Gajeriyar mace ce kakkaura, za ta kai hamsin da wani abu, da tabarau rataye a wuya. A baranda ta tare mu da hayaniya, ta rungume Umma, tana zuba kamar kanya ta nuna. Na ce lallai mun dace da mai fara'a.

Da lokacin buɗe robar ya yi sai matar nan ta zama wata daban. Ta sa aka kashe fanka. Ta tsayar da ni bayan wani layi da aka ja a ƙasa. Ta ɗaura takunkumi, ta ɗaura wa Umma, ta kama haɓarta ta juyar mata da fuska wajen bango. Ta wanke hannu wanki mai tsawo, tsakanin yatsu da ƙarƙashin farce, ta sa safar hannu, ta cire tsohuwar filasta, ta cire safar ta sake wanke hannu ta sa sabuwa. Gindin robar ta goge shi da magani, ta tsaya hannuwa a sama har ya bushe don kansa, ba fifita ba hurawa. Bakin robar kuwa dirza shi ta yi ta yi, kamar mai wanke tukunyar da ta kama. Umma, da ba ta iya zama kusa da mutum shiru, ta ce mata sannu da aiki, yaya yara. Ba amsa. Ta sake. Ko ɗaga kai matar ba ta yi ba. Ana haka wani babban likita mai furfura ya leƙo ya yi sallama, shi ma bai samu amsa ba, kuma maimakon ya ji haushi sai ya ja da baya ya harɗe hannu yana jira. Sai da ta haɗa robar da inji, ta liƙa sabuwar filasta mai kama da leda wadda ake ganin fata ta cikinta, ta rubuta kwanan wata a gefe, sannan ta juyo ta amsa sallamar kowa ɗaya bayan ɗaya.

A hanyar gida Umma ta cika fam. "Wannan wace irin mata ce? Ko a gidan makoki ana amsa gaisuwa. Ta juya mini fuska bango kamar mai laifi."

Hajiya Mariya ta ce, "Hajiya, haka take yi wa kowa. Amma waɗanda suka daɗe a nan, in ba ta zo aiki ba har tambaya suke yi."

Ni dai aikin ya burge ni, na ce a raina haka ake so. Kuma duk da haka, safiya biyu da suka biyo baya na ɗaga gefen sabuwar filastar na yi tofina na shafa Zamzam. Ban ga abin da ya haɗa aikinta da nawa ba.

Wanki na biyu, tana ɗage mayafin Umma sai na ga ta tsaya cak. Ta sa tabarau ta duba gefen filastar da ya yamutse. Ta yi aikinta kamar ranar farko, sai dai wannan karon ta ɗebi jini a 'yan kwalabe kafin ta haɗa inji. Da ta gama ta yafito ni da Hajiya Mariya zuwa baranda.

Hajiya Mariya ta ce, "Tana tambaya, wa ya buɗe filastar?"

Na ce ni ce, har da ɗan alfahari. Na yi bayanin tofin, na zaro gorar Zamzam daga jaka na nuna mata, na ce tun da aka fara sa wa Umma roba ban taɓa fashi ba.

Na ɗauka za ta yi faɗa. Sai ta cire tabaranta ta goge shi tas da gefen riga, ta miƙo shi daf da bakina, ta ce in yi tofin a kai kamar yadda nake yi. Na ji kunya, amma na yi. Ta ɗaga gilashin wajen hasken taga ta ce in duba. Ɗigo-ɗigon yawu ne birjik, ƙanana kamar an barbaɗa gari.

Ta yi magana a hankali, Hajiya Mariya tana mayar mini da Hausa. "Ta ce wannan ne ya sa ba ta magana in robar tana buɗe, shi ya sa take juyar da fuskar Hajiya. Bakin kowa da hancinsa akwai ƙwayoyin da ba sa cutar da shi. Amma ramin nan ba fata ba ce, ƙofa ce da ta zarce har zuciya." Sista ta karɓi gorar ta riƙe da hannu biyu. "Ta ce ruwan mai albarka ne, ita ma tana da shi a gida. Amma gorar ta daɗe a buɗe, kuma yatsanki ne yake shiga ciki."

Na zauna a benci. Gadon nan mai motsi ya dawo mini, da muryar Umma tana kirana da sunan matacciya. Ni da na bar aikina na koyarwa don in yi jinyarta, ni da nake hana jikoki hawa cinyarta. Na ce wa Hajiya Mariya, "Tambaye ta, ni ce na jawo mata wancan ciwon?"

Sista Samiya ta zauna kusa da ni ta dafa gwiwata. Ba ta ce a'a don ta faranta mini ba. Ta ce Allah kaɗai ya san ta inda suka shiga, hanyoyin da yawa, akwai hannun ma'aikaci, akwai fatar mara lafiyar kanta, akwai gumi. Ita abin da ta sani shi ne ta tsare tata ƙofar, ni ma in tsare tawa. Sannan ta ce wani abu da ya sa na fashe da kuka. Wai kada in ɗauka shirun da take yi shiru ne. Duk robar da take dirzawa, a zuciyarta addu'a take yi wa mai ita, kuma da tsawon addu'ar take gane dirzar ta isa. Ta ce in ci gaba da tofina, in yi a tafin hannuna in shafa wa Umma a ka, Zamzam kuma in samo sabo in ba ta a murfin gora ta sha, tunda ruwan shanta ma a ƙayyade yake.

Kwana biyu za a jira sakamakon jinin. In an ga ƙwayoyi, za a cire robar a ɗage aikin hannu. Kwana biyun nan ko shayin maƙwabcinmu mai rumfa ban iya haɗiyewa ba, kowane ɗan lokaci hannuna yana goshin Umma. Ta gaji ta ce, "Ke lafiya? Goshin nawa tallansa kike?" Sai na durƙusa na gaya mata komai.

Ta dube ni. Sai ta ce, "To ai ni nake ɗage miki mayafin." Na ce ta yafe mini. Ta ce, "Tashi, Zulai. Hannun da ya yi shekara biyu yana wanke ni ba zan ɗora masa laifi ba. Amma matar nan, gobe ki tuna mini in ba ta haƙuri. Na zage ta a zuci ba kaɗan ba."

Jinin ya fito ba komai. Alhamdu lillahi na faɗa ya fi a ƙirga. Aka yi aikin hannu a makon, likitan ya ce ya kama. Sauran kwanakin Sista Samiya ta mayar da ni ɗalibarta. Ta koya mini wankan Umma ba tare da an kwara ruwa daga ka ba, a rufe filasta da leda, a wanke jiki daga ƙirji zuwa ƙasa, kai kuma a wanke shi daban tana kwance ta baya. In filasta ta jiƙe ko ta ɗago, ba ni zan gyara ba, asibiti za mu. In na ga wurin ya yi ja ko yana ruwa, ko jiki ya yi ɗumi, kada in tsaya shagon magani, kada in jira gari ya waye. Ta sa na maimaita mata har sau uku kamar mai biya hadda. Umma kuwa ta koma ita take juyar da fuskarta bango tun kafin a ce, har tana harara in wani ya shigo da surutu. Ranar sallama ta kwance sauran yajinta ta ba Sista, ta ce a gaya mata kada ta kai hanci.

Muka dawo Kano da robar a wuya, don hannun bai gama ƙwari ba. Da na ba ma'aikatan jinyarmu labari, babbarsu ta riƙe baki ta ce, "Malama Zulai, da kin faɗa mana!" Gaskiyarta. Yanzu duk sabon mara lafiya sai ta tambayi masu jinyarsa ko ana tofi a wurin.

Kwana uku da dawowarmu Gwaggo Hajiya Babba ta zo daga Dukawuya. Yayar Umma ce, amma Gwaggo kowa yake kiranta, ta haura tamanin, ita ta yi mini wankan jego, kuma a wurinta na koyi tofin. Lokacin ciwon Umma na biyu kullum tana asibiti, in ma'aikata sun fita sai ta ɗaga filasta ta yi nata. A danginmu ba a taɓa jin wanda ya ce mata bari ba. Ta shigo da sandarta, ta zauna bakin gado, aka gaisa, sai ta fara motsa baki ta kai hannu ga mayafin Umma.

Ban san sanda na riƙe mata wuyan hannu ba. Matan da suka zo sannu suka sunkuyar da kai.

Ta ce, "Zulai, hannuna kika riƙe?"

Na durƙusa ban saki ba. Na gaya mata labarin tabarau. Na ce ta yi mini duk hukuncin da ta ga dama, amma robar nan ita ce ta ƙarshe.

Ta dubi Umma, Umma ta gyaɗa kai. Gwaggo ta janye hannunta a hankali ta ɗora a cinya tana kallonsa. Sannan ta ce, ƙasa-ƙasa, "Wancan zazzaɓin da ta daina gane mutane. Ni ce ke nan?"

Na ce, "Allah ne masani, Gwaggo. In ma hakan ne, mu biyu ne."

Ta ɗauki sandarta, na ɗauka fita za ta yi, kuma na san in ta fita a haka ba za ta sake tako gidanmu ba. Sai ta nuna kwalin takunkumin da ke kan tebur da bakin sandar ta ce, "Ba ni ɗaya." Ta kasa maƙala igiyar a kunne, ni na ɗaura mata. Ta matsa baya kaɗan, ta ɗora tafinta a kan Umma, ta fara karantawa a bayan ƙyallen. Ba mu ji kalma ko ɗaya ba. Ƙyallen dai muka ga yana jiƙewa da hawaye daga sama, Umma kuma ta juyar da fuskarta bango tana cewa amin.